Asalin Sunan Jiharmu, da Kirarinta, da Tutar da Muke Ɗagawa

A mujallar bana mun ga ya kamata mu ɗan tsaya a kan waɗansu abubuwa da idonmu ya saba da su har ya daina lura da su. Kowane ɗalibi yakan rubuta Zamfara a takardar jarrabawa inda aka tambayi jiharsa, ko kuwa ya rubuta Kaduna ko Filato ko Binuwai, idan daga can iyayensa suka fito. Kowace mota da ta wuce a hanyar Talata Mafara zuwa Gusau tana ɗauke da 'yan kalmomi a jikin lambarta. Kowace safiya kuma mukan tsaya a layi a ɗaga tuta. Amma in aka tsayar da ɗan aji shida aka ce ya faɗi inda sunan jiharsa ya samo asali, sau da yawa sai ya sosa ƙeya, gama littattafan makaranta sun fi damuwa da a haddace jihohi 36 da manyan biranensu, ba ruwansu da abin da sunayen suke nufi.

Jiha sabuwa, suna tsoho

Mutumin da aka haifa a Maradun a 1960, wanda bai taɓa tashi daga gidan ubansa ba, ya zauna a jihohi huɗu. An haife shi a Lardin Sakkwato cikin Jihar Arewa. A 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba ƙasa zuwa jihohi 12, sai ya wayi gari ɗan Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 Janar Murtala Muhammad ya mai da jihohi 19, aka cire Neja, mutumin namu ya zama ɗan Jihar Sakkwato. Sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar sababbin jihohi shida, wato Zamfara da Gombe da Nasarawa da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa. Aka ba mu Gusau a matsayin babban birni, aka turo Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama kantoman soja na farko.

Abin lura a nan shi ne ba a ce Jihar Gusau ba, alhali haka aka yi wa Kano da Katsina da Sakkwato da Gombe, inda jiha ta ɗauki sunan babban birninta. Waɗanda suka yi fafutukar neman jihar sun koma baya ne suka ɗauko sunan wata daula da ta rushe fiye da shekara 200 kafin lokacin. Ga ganinmu sun yi hikima, domin da an ce Gusau, da mutumin Anka ko Gummi ko Talata Mafara ya ga kamar an fitar da shi daga ƙarƙashin wani gari ne an sa shi ƙarƙashin wani. Zamfara kuwa ba ta gari ɗaya ba ce.

Zamfara tana cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa. Tarihin baka ya ce Zamfarawa sun fara kafuwa ne a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, kuma jerin sarakunansu ya fara da wani mai suna Dakka. A cikin jerin har da mace, Sarauniya 'Yargoje. Daga baya suka gina Birnin Zamfara can arewa, suka yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, har suna gwabzawa da Kabi da Katsina da Kano. Game da sunan kansa, labarin da aka fi ji a bakin tsofaffi shi ne na wata 'yar sarki mai suna Fara, wadda aka ce ta baro gida a Gobir ta faɗa daji, maharba suka tsince ta suka riƙe ta a wurinsu. Aka riƙa ce wa mutanen wurin mazan Fara, da kalmar ta daɗe tana yawo a baki sai ta koma Zamfara. Muna so ɗalibai su riƙe wannan labari, su kuma riƙe shi a matsayinsa na labarin baka. Kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da irinsa, inda ake ɗaukar suna a fasa shi biyu a samo masa hikaya, kuma sau da yawa sunan ya girmi hikayar. Waɗanda suka bi diddigin tarihin daular a rubuce sun haɗa da wani Bajamushe, Kurt Krieger, wanda littafinsa ya fito a 1959, da Dokta Garba Nadama, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama gwamnan Jihar Sakkwato a 1981.

Akwai wani abu da yakan ɗaure wa yara kai a darasin tarihi. A labarin Bayajida an lissafa Zamfara cikin Banza Bakwai, tare da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa, ba cikin Hausa Bakwai ba. Yaro ya ce, to Malam, mu da ba mu da wani harshe sai Hausa, yaya aka yi muka zama banza? Amsar ita ce wanda ya tsara jeri shi ke sa kansa a gaba. Labarin ya fito ne daga ɓangaren Daura da maƙwabtanta na gabas, kuma masana tarihi da yawa suna ganin yana nuna siyasar zamanin da aka tsara shi ne fiye da asalin mutane.

Faɗuwar daular ma abin nazari ce. Gobirawa sun shigo ƙasar Zamfara ne a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama da gonaki. Da suka yi kauri, wajen tsakiyar ƙarni na 18, sai Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya kafa hedkwatarsa a Alƙalawa, wurin da aka ce na alƙalin Zamfara ne tun farko, shi ya sa ake kiransa haka. Alƙalawa ita ma ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, kuma kufanta yanzu yana cikin Jihar Sakkwato. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ya zauna a Anka, inda har yau ake kiran sarki Sarkin Zamfara. Tun kafin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya kuma zauna a Faru, nan kusa da mu. Bayan jihadi ƙasar ta shiga ƙarƙashin Sakkwato, Turawa suka zo a 1903 suka bar ta a haka. Sunan ya ɓace daga taswirar mulki, ya saura a bakin mutane, da a jikin Gulbin Zamfara, da a ƙofar masaƙar nan ta Gusau da ta daɗe da rufewa.

A nan bari mu ɗan ratse. Gulbin da ke ɗauke da sunan jihar, ta Anka da Gummi yake bi. Wanda ya ratsa Gusau ya biyo ta wajenmu ya nufi Bakura, Gulbin Sakkwato ne. Wato mu mutanen Maradun Zamfarawa ne masu shan ruwan Sakkwato.

Wanda ke son ganin inda tsohon tarihi ya ɓuya, ya dubi sarautun garuruwanmu, gama sau da yawa sunan gari dabam, sunan sarautarsa dabam. Garin Maradun ne, amma sarki Sarkin Kaya ne. Garin Bakura ne, amma Sarkin Burmi. A Ƙauran Namoda Sarkin Kiyawa, a Tsafe 'Yandoto, a Maru Banaga. A Gusau kuwa Sarkin Katsina ake cewa, domin wannan yanki a dā gefen ƙasar Katsina ne. Sarautar Mafara tana Talata Mafara, tana kuma Gummi. Irin waɗannan sarautu sukan tuna mana wani tsohon mazauni ko wata jama'a da aka taso daga cikinta, an bar gari amma an tafi da sarautar. Talata Mafara ita ce mai sauƙin fassara, gama rabin sunanta ranar kasuwarta ce.

Sauran jihohi

Ba za mu bi su ɗaya ɗaya ba. Da yawa sunayen koguna ne: Neja, Binuwai, Taraba, Yobe, Kaduna, da Osun da Ogun da Imo a kudu. Kwara sunan da mutanen bakin ruwa suke kiran kogin Neja ne, Kogi kuwa Hausa ce tsantsa, an sa wa jihar ne saboda a Lakwaja manyan kogunan biyu suka haɗu. Kaduna, Hausawa sun ce jam'in kada ne, wato kadduna, ko da yake Gwarawa da suka riga kowa zama a wurin suna da nasu bayanin. Jigawa daga jigawar rairayi take. Adamawa sunan mutum ne, Modibbo Adama. Kabi, wadda ake rubutawa Kebbi, ita ce tamkar tamu, domin a 1991 ta dawo da sunan daular Kanta. Legas kalmar Turawan Fotugal ce mai nufin tafkuna, Yarabawa kuwa Eko suke cewa, daga nan muka samo Ikko. Mafi ban dariya ita ce tagwaiyarmu Bayelsa, wadda aka ɗinka sunanta daga farkon sunayen ƙananan hukumomi uku, Brass da Yenagoa da Sagbama. Ita kanta Nijeriya, wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ce ta ba da shawarar sunan a wata jaridar Landan a Janairu 1897, daga baya ta auri Lugga, wanda ya haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Kirarin da ke jikin lambar mota

Bahaushe ya san laƙabin gari tun kafin a yi mota. In an ce ta Dabo ko tumbin giwa, an san Kano ake nufi. In an ce ɗakin kara, Katsina ce. Birnin Shehu Sakkwato ce, ta Sambo kuwa Gusau, saboda Malam Sambo Ɗan Ashafa da ya kafa ta. Waɗannan ba gwamnati ce ta raɗa su ba, maroƙa da makaɗa da fatake ne suka yi ta maimaita su har suka zauna. Ko Maradun ma, mutane da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi sun fara jin sunanta ne a haɗe da na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fadar Sarkin Kaya, wanda ya rasu a 1991. Shi kuwa da kiɗan noma gidansu ya fara kafin kiɗan fada.

Kirarin jihohi na zamani ya bazu ne daga farkon shekarun 1990, sa'ad da aka fito da lambar mota iri ɗaya ga dukan ƙasa, aka bar wa kowace jiha ɗan fili ta rubuta abin da take taƙama da shi. Kano ta ce ita ce cibiyar ciniki, Sakkwato mazaunin daular Usmaniyya, Katsina gidan karɓar baƙi, Kabi ƙasar adalci, Neja jihar wutar lantarki saboda Kainji da Shiroro, Binuwai kwandon abincin ƙasa. Tamu ta ce "Farming is Our Pride", wato noma shi ne abin alfaharinmu. Duk da Turanci aka rubuta su, har da namu, wanda manomin da ake yabo a ciki sai an fassara masa.

Kirarin bai yi ƙarya ba a ranar da aka zaɓe shi. Gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga na ƙasar nan ne suka sa Turawa suka ja layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929, Gusau kuma ta cika da kamfanonin sayen amfanin gona da injin gurzar auduga. A nan ƙofarmu ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda wani kamfanin Italiya ya gama ginawa a 1978, tafkinta ya rufe kimanin hekta 8,000, aka kuma shirya ta shayar da fiye da hekta 20,000 na noman rani a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Shinkafa da albasa da tumatir da dankalin da ake lodi a bakin hanya daga can suke. Sai dai wajibi ne ɗalibi ya san cewa wannan ruwa bai zo a banza ba. Dubban mutane sun rasa gidaje da gonakin fadama, aka yi ta jan ƙafa wajen biyan diyya, manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Har yanzu akwai tsofaffi a garuruwan nan da abin ya faru a kan idonsu.

To, ban da kirarin da jiha ta zaɓa wa kanta, akwai laƙabin da duniya take liƙa mata ba da shawararta ba, kuma shi ya fi saurin yaɗuwa. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000, Zamfara ce ta farko a ƙasar. Nan da nan jaridu suka mai da ita jihar shari'a. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa sun karɓi laƙabin da farin ciki, mu Kirista kuwa mun san zullumin da aka shiga a lokacin, da yawan saƙon 'yan'uwa daga nesa suna tambaya ko muna lafiya. A 2010 sai sunan jihar ya sake zaga duniya saboda gubar dalma daga haƙar zinariya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka mutu. Daga nan kuma sai 'yan bindiga. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya, a nan ƙasar Maradun. A wannan shekara ce gwamnati ta datse layukan waya ta kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci, har Talata Mafara ta ga ranar Talata ba kasuwa. Ƙauyuka da yawa sun san abin da ake nufi da biyan kuɗi ga 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Kuma duk wannan ya faru ne a yankin da ya fitar da gwamnoni uku, Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun.

Saboda haka mukan ji waɗansu matasa suna yi wa kirarin ba'a, suna cewa wane alfahari ga wanda gonarsa ta gagare shi zuwa. Ba mu kaɗai ba ne. Barno tana kiran kanta gidan zaman lafiya, Filato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, kowa kuwa ya san abin da suka gani. Ana iya canja kirari, Kaduna ta yi haka, ta bar na farko ta koma cibiyar ilmi. Amma mu ba mu goyi bayan a taɓa namu ba. Na farko, shi ne abu ɗaya da bai ware kowa ba, gama Bazamfare da Bafillace da Bakatsine da Dakarkari, Musulmi da Kirista, duk ruwan sama ɗaya suke jira. Na biyu, muddin yana rubuce a jikin motar gwamna da ta kwamishina, talaka yana da abin da zai nuna ya ce ga abin da kuka faɗa da bakinku, ina hanyar gonata?

Tuta

Tuta ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A zamanin jihadi, wanda Shehu ya ba tuta shi ne aka ba izinin yaƙi da mulki a yankinsa, kamar Yakubu a Bauchi, da Buba Yero a Gombe, da Modibbo Adama a Fombina, da Ummarun Dallaje a Katsina. Da Turawa suka zo sai suka kawo tasu, shuɗiya mai tutar Ingila a kusurwa, da jan da'ira mai koren tauraro mai tsini shida. Kakanninmu sun san wannan tauraro a jikin kwabo mai huji.

Da aka doshi samun mulkin kai sai aka sa gasar zana sabuwar tuta. Wanda ya ci shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, wani saurayi Bayarabe da ke karatu a Landan, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasa suka cire ta suka bar kore, fari, kore. An fara ɗaga ta ran 1 ga Oktoba 1960, shi kuwa ya rasu a Ibadan a 2023. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin yana nufin zaman lafiya. Duk Nijeriya haka ake koya wa yara, amma muna ganin babu inda fassarar ta fi zama a fili kamar nan, inda manomi ya ga yadda gona takan koma saura in zaman lafiya ya kau. Tambarin ƙasa ma maganar ƙasar noma yake yi: baƙar garkuwar tana nufin ƙasa mai albarka, farin layin da ya rabu biyu kogin Neja ne da Binuwai, dawakai biyu martaba, jar mikiya ƙarfi. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bar tasu ranar a tsakiyar tutarsu, mai ruwan lemo, da ruwan lemo a sama don hamada, kore a ƙasa don yankin noma na kudu.

Waɗansu jihohi, musamman a kudu, sun yi wa kansu tuta, kamar Legas da Osun. Osun ta ma wuce nan a 2011, ta yi tuta da tambari da waƙar jiha, ta juya tsarin sunanta a Turance, har wata babbar kotu ta yanke hukunci a 2017 cewa juya sunan ya saɓa wa tsarin mulki. A makarantu dai tutar ƙasa ce ake ɗagawa, kuma akwai dokar tuta da tambari tun 1960, wadda ta mai da shi laifi mutum ya ɗaga tutar da ta yage ko ta lalace. A ƙasa irin tamu mai zafin rana da ƙurar hunturu, koren yakan koɗe cikin 'yan watanni, farin ya koma ruwan ƙasa. Don haka muna tuna wa shugabannin ɗalibai masu kula da ita su riƙa sauke ta da yamma kafin faɗuwar rana, su naɗe ta ba tare da ta taɓa ƙasa ba, in kuma sun ga ta fara yagewa a gefe su sanar da malamin da ke bakin aiki a wannan mako.